Baƙin Sallah a Babban Gida

Masu iya magana sun ce Sallah bikin ɗaya rana ce. To, ko wane ne ya fara faɗin wannan magana, muna kyautata zaton baƙo ne, bai taɓa zama mai masauki ba. Ga wanda gidansa ne matattarar dangi, Babbar Sallah takan fara tun daren da aka ce an ga watan Zulhajji, ba ta kuwa ƙarewa sai ranar da aka mayar wa maƙwabta tabarminsu da tukwanensu, aka kuma cika wa mai itace ragowar kuɗinsa. Abin da ke tsakanin waɗannan ranaku biyu shi muke so mu ɗan tattauna da 'yan'uwa masu karatu a wannan fitowa, domin mun daɗe a cikinsa, kuma har yau bai daina ba mu mamaki ba.

Gidanmu yana cikin birnin Kano, cikin badala, irin gidajen nan da ake ce wa babban gida saboda a nan aka binne cibiyar kowa, ko da kuwa ginin bai taka kara ya karya ba. Mu shida ne muka gaji hidimarsa bayan rasuwar mahaifinmu a 2016, Allah Ya jiƙansa: maza huɗu, mata biyu, ga kuma mahaifiyarmu da muke kira Inna tana nan a ɗakinta tana kallon yadda za mu yi. Mun gaji soraye biyu da ɗakin baƙi, da wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe wadda sai mutum biyu suke sauke ta daga murhu. Abin da ba a rubuta a takardar rabon gado ba shi ne baƙin, alhali kuwa su ma gado ne. Akwai dangin Baba daga wani ƙauye a wajen Ɗambatta. Akwai dangin Inna daga Maraɗi. Akwai 'ya'yan 'yan'uwa masu aiki a Legas da Fatakwal da Abuja, waɗanda ba su san wata Sallah ba in ba ta Kano ba. Sannan ga tsofaffin almajiran da suka yi karatu a zauren kakanmu, yanzu sun zama magidanta, sukan zo da 'ya'yansu su nuna musu bangon da suke jingina allunansu. Masu kwana kaɗai sukan kai talatin. Masu wuni kuwa ba mu san adadinsu ba, domin Inna ta hana ƙidayar baƙi, ta ce yin haka yana kore albarka.

Mu dai ba ma ƙidaya baƙi, amma muna ƙidaya kuɗi, kuma a nan ne ake yin ta. Buhun shinkafa da man gyaɗa daga kasuwar Singa, gero da masara daga Dawanau, kayan miya daga 'Yankaba, atamfar mata da yadin yara daga Kantin Kwari, sai kuma tela wanda zai rantse maka da Allah cewa jibi za ka karɓa, ka kuma same shi daren Sallah yana sa maɓalli. Duk waɗannan ƙananan alhaki ne idan aka zo batun rago. Wanda ya san ciniki yakan tafi Maigatari ranar Alhamis ko Wudil ranar Juma'a, ya duba balami da uda da ɗan ƙasa, ya buɗe baki ya ga haƙora, ya taɓa gadon baya, ya taya, a ce albarka, ya dawo gida jiki a sanyaye. A 2023 an cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta haura 500, Sallah kuwa ta zo ranar 28 ga Yuni, wato wata ɗaya kacal tsakani. Kuɗin motar da ta ɗauko ragon ma sai da ya shiga cikin farashinsa. A Babbar Sallar 2024 mafi ƙarancin albashi yana nan a Naira 30,000, ragon da mutum ba zai ji kunyar ɗaure shi a ƙofar gida ba kuwa ya haura Naira 100,000 nesa ba kusa ba. Da aka zo 2025 sai hukumomin Nijar suka hana fitar da dabbobi daga ƙasarsu gab da Sallah, dillalai suka sami sabon abin kafa hujja.

Mun ce ragon da ba za a ji kunyar ɗaure shi a ƙofar gida ba, kuma da gangan muka faɗa. A unguwa irin tamu rago sanarwa ce. Yara su ne 'yan jarida, su ne alƙalai. Kafin la'asar kowa ya san na gidan wane ya fi ƙaho, na gidan wane kuwa sai an sunkuya ake ganinsa. Malamanmu ba su ɓoye mana komai ba a kan wannan. A Risala, wadda yawancinmu muka ɗan taɓa a zaure, layya sunna ce a kan wanda ya sami iko, kuma an bayyana mana cewa wanda kuɗin dabbar zai taɓa abin da iyalinsa ke bukata ba ta hau kansa ba. Ba a sayar da namanta ko fatarta, ba a kuma biyan mahauci ladansa da ita. Hukunci a fili yake, mai sauƙi. Sai dai abin da littafi ya ɗauke wa mutum, bakin mutane ya mayar masa da shi, har da ƙari. Shi ya sa aka sami ɗaya karin maganar, wadda ta fi ta farko gaskiya, cewa Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi.

Amma duk wannan lissafi na maza ne, kuma da an yanka rago an feɗe, namiji ya wanke hannu ya sa babbar riga ya koma zaure karɓar gaisuwa. Daga nan ne aikin cikin gida yake somawa, in ma ana iya cewa ya taɓa tsayawa. Tun saura mako guda matan gidan suke kan cincin da dubulan da alkaki. Ranar Arfa suna azumi suna gaban wuta, suna jajjage, suna jiƙa shinkafar waina, ga kitso da lalle na 'yan mata da ba a gama ba. Daren Sallah ba su runtsawa, domin kafin a sauko daga Idi dole tuwon shinkafa da miyar taushe su kasance a kwanuka, an jera na maƙwabta, an san yaron da zai kai kowanne. Da yawansu rabonsu da filin Idi tun suna 'yan mata. Bayan yanka su ne masu wankin kayan ciki, aikin da ke cin ruwa kamar ba gobe, a garin da famfo ya zama abin tarihi a unguwanni da yawa, sai dai a tsaya a bakin ƙofa ana jiran ɗan garuwa, shi ma ya tafi Sallah garinsu. Naman yakan kwana a rataye ya tsane, washegari a yayyanka shi, sai suya. Ba a iya jinkirta suya, domin ba wanda zai ba wutar lantarki amanar rago guda. Haka za su wuni biyu a gaban kasko, hayaƙi na shiga ido, mai na fallatsa a hannu, ana tace kakiɗe, ana daka na dambu, kuma a cikin wannan hali ne za a leƙo daga zaure a ce an yi sababbin baƙi, a kawo abinci.

A nan za mu ɗan ratse mu yi magana da 'yan'uwa marubuta. Mun karanta littattafai da dama da aka kawo ranar Sallah a cikinsu, kuma kusan kullum abin da muke gani shi ne saurayi ya sha shadda, ya fesa turare, ya faka mota a ƙofar gidan su budurwa, ita kuma ta fito da tire cike da soyayyen nama. Daga ina naman ya fito? Wa ya wanke tumbin? Mai tiren nan uwarta tana can bayan gida, idanu sun yi ja, ko zanen Sallarta ba ta ɗaura ba. Wanda duk yake neman labari mai rai, ga shi nan a madafa, an bar shi ba mai ɗauka.

Bayan Sallar 2023 muka zauna mu shida a ɗakin Inna, da matanmu, domin kowa ya ji a jikinsa. Babban wanmu ne ya buɗe magana. Ya ce, “Inna, Allah Ya ƙara miki lafiya, abin nan fa yana neman ya fi ƙarfinmu. Zamanin Baba daban, yanzu daban. Ko za a aika wa mutanen ƙauye da nasu kason can, a hutar da su wahalar hanya, mu ma mu ɗan sarara?”

Shi ɗan fari ne, Inna ba ta kama sunansa. Ta daɗe tana jan carbi kafin ta ce, “Kai Malam, kana tsammanin nama ne yake kawo su? Shekarar farin nan da ɗan akuya muka yi layya a gidan nan, ɗakin baƙi a cike, ba wanda ya kwana da yunwa, ba kuma wanda ya koma ya ce an wulaƙanta shi. In abu ya yi muku yawa ku rage miya. Mutane kam ba ku kuka tara su ba, ba ku za ku kore su ba.” Farin 1984 take nufi, lokacin da yawancinmu ba mu yi wayo ba.

Sai uwargidan wan namu, wadda shekara ashirin ke nan tukunyar nan tana hannunta, ta sunkuyar da kai ta ce, “Inna, mu ba baƙin ne suka dame mu ba. Ruwa ne, da itace, da abinci kala uku a wuni. Kuma a ce kwana huɗu mutum bai yi salla ɗaya a kan lokacinta ba, a cikin ranakun da aka ce sun fi kowaɗanne.” Ɗakin ya yi tsit. Wannan magana ta fi ta kuɗi nauyi, domin a mazhabarmu ana yin kabbarori bayan kowace farilla tun daga azahar ɗin ranar Sallah har zuwa asubahin rana ta huɗu, salloli goma sha biyar ke nan. Mu a masallaci muke yinsu, cikin sahu, da sababbin riguna. Wadda ta dafa abin da muka ci kafin mu tafi masallacin kuwa tana sallame tata sallar ne a gurguje don kada mai ya ƙone.

Tun daga ranar muke ta juya wata tambaya a zukatanmu: shin wanda yake ƙorafin gajiya ya fita daga sahun masu godiya? Mu Hausawa mun iya rufe wannan da gaisuwa. “Ya hidima?” “Da godiya.” “Ya gajiya?” “Ba gajiya.” Mutum ƙafarsa ta kumbura, aljihunsa ya yi fayau, amma ba gajiya. Ba mu ce ƙarya ba ce, domin akwai tarbiyya a ciki, harshe yana jan zuciya zuwa inda ya kamata ta tsaya. Sai dai mun lura cewa wani lokaci da wannan kalma ta godiya ake toshe bakin wanda aka ɗora wa kaya fiye da ƙarfinsa. In ta ce ta gaji sai a ce ta gode wa Allah da Ya ba ta gidan da ake zuwa. Gaskiya ne, abin godiya ne. Amma mai faɗa mata hakan yana kishingiɗe ne a zaure yana sakace.

Abin sha'awa shi ne layyar da saukar baƙin duka gadon mutum ɗaya ne, wato Annabi Ibrahim, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Labarin baƙinsa ya zo a Suratu Hudu da Suratuz Zariyati. Malaman tafsiri sukan tsaya a kan ladubban da ke ciki: bai san su ba amma ya amsa sallamarsu da mafi kyau, bai tambaye su ko suna jin yunwa ba, ya sulale zuwa ga iyalinsa ba tare da ya sa sun ji nauyi ba, bai daɗe ba ya kawo gasasshen ɗan maraƙi mai ƙiba, ya kuma matsar da shi kusa da su da kansa. Wannan na ƙarshe shi ya fi tsaya mana a rai. Dattijo ne mai shekaru, yana da wanda zai aika, amma shi ya ɗauko. Ta ɗaya gefen kuma hadisi ingantacce ya yi wa liyafa iyaka da kwana uku, abin da ya wuce haka sadaka ne, har ma aka hana baƙo ya zauna ya ƙuntata wa mai masaukinsa. Ashe addinin da ya ce a girmama baƙo bai manta da mai gida ba. Mu ne muka riƙe rabi muka saki rabi.

Kada kuma a ɗauka duk baƙo raɓa ne. Akwai wanda zai zo da abokai uku ba sanarwa. Akwai wadda za ta ɗanɗana miya ta ce a zamanin marigayi ba haka ake yi ba. Akwai mai zuwa Sallah ya zarce ganin likita, ya zarce neman wa ɗansa makaranta, sai ga shi ana shirin cika-ciki yana nan. Waɗannan sai haƙuri, kuma ba za mu ce muna jin daɗinsu ba.

Amma akwai irin Kawu, ƙanin kakarmu ta wajen uba, wanda ya haura tamanin. Duk shekara yakan sauka ana jibi Sallah da ɗan buhun gero, da ƙullin daddawa da kuka, da kwalbar man shanu, wani lokaci da ƙwan zabi a cikin ƙwarya an shimfiɗa musu ƙaiƙayi. Sai daga baya muka ji daga bakin jikansa cewa tun da kaka yake ware geron nan, ya hana a taɓa, ko da rumbu ya yi ƙasa, wai na gidan Kano ne. Kuɗin mota kuwa kaji yake sayarwa. Wato shi ma yana da nasa lissafin, yana da tasa fargabar kada ya zo hannu rabbana. Muna nan muna auna abin da zai ci, shi yana can yana auna abin da zai kawo, kuma in aka bi gwargwadon abin da kowa ya mallaka, nasa ya fi namu yawa. Idan ya zauna a zaure yakan kira sunayen kakanninmu har bakwai, ya faɗi wanda ya haƙa rijiyar gidan da wanda ya dasa dabinon da ke bayan ɗaki. Ba wanda ya san wannan a cikinmu. Ranar da ya daina zuwa, wannan ilimi ya tafi ke nan.

Mun kuwa ɗanɗana yadda gidan yake in ba su. A 2020, shekarar korona, an rufe Kano a watan Afrilu, an hana tafiya daga jiha zuwa jiha, ga dattawa suna ta faɗuwa a birni har mutum ya rasa gidan gaisuwar da zai fara zuwa. Ƙaramar Sallah ta zo ba hawa, ba baƙo ko ɗaya. Da Babbar Sallah an buɗe hanya, amma tsoro bai bar tsofaffi sun taso ba, iyakar Nijar kuma a rufe. Shekarar nan ba mu ci bashin kowa ba, ruwa ya ishe mu, mata sun gama suya da wuri har sun yi barcin rana. Babbar tukunya ba a ko sauko da ita ba. Inna ta sa aka share ɗakin baƙi aka shimfiɗa tabarmi kamar kullum, ta wuni tana aika yaro ya duba ko an yi sallama. Goggonmu ta Maraɗi, wadda ta shekara arba'in ba ta fasa zuwa ba, ta bugo waya tana ba da haƙuri kamar laifinta ne. Ba ta kai Sallar gaba ba, Allah Ya gafarta mata.

Da can muna zaton rabin baƙinmu dawaki ne ke kawo su, domin gidanmu ba shi da nisa da inda ake kallon Hawan Daushe, ga Hawan Nasarawa washegari. A watan Disamban 2024 ma hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake taƙama da su. Amma a Babbar Sallar wannan shekarar 'yan sanda sun hana hawa saboda rikicin sarauta, kuma ɗakin baƙinmu ya cika maƙil kamar yadda ya saba. Yara ne kawai suka yi ta ƙunƙuni.

Abin da muka tsayar a zaman nan na ɗakin Inna ba wani abin a zo a gani ba ne. Ba za a ƙara cin bashi don rago ba, ko da kuwa yaran unguwa za su yi mana waƙa. Kowa a cikinmu shida yana ajiye wani abu duk wata a hannun ƙanwarmu, wadda ta fi mu riƙon amana da taurin kai, sannan a sayi ɗan tsako-tsakon rago tun watanni kafin Sallah a kai ƙauye a yi kiwonsa. Abinci ya koma kala biyu, cincin kuma an rage shi rabi, ba mu ji wanda ya mutu ba. Ruwa da itace da wankin kayan ciki sun koma wuyan samarin gidan, har da masu zuwa daga Abuja da fararen takalma, kuma tun saura kwana uku ake cika duk wani mazubi. Idan an kira salla akan sauke kasko, ko baƙon waye ya iso, ya jira. Bara matan gidan sun yi kaso biyu, rabi suka tafi Idi, bana sauran za su je. Uwargidan wanmu tana cikin kason farko. Da ta dawo ta ce ita ba ta san filin ya cika haka ba, rabonta da shi tun kafin a yi mata aure.

Ba duka aka gyara ba. Har yanzu akan yi ɓacin rai a kan rabon nama, wa aka kai wa cinya, wa aka kai wa haƙarƙari. Har yanzu mai cewa miya ba ta kai ta zamanin marigayi ba tana zuwa, tana kuma ƙarawa. Ɗaya daga cikinmu yana nan a kan bakansa cewa wata rana dole a rage, in Inna ta kau, kuma ba mu da amsar da za mu ba shi, domin 'ya'yanmu suna tashi ne a gidajen haya masu ɗaki biyu a Hotoro da Rijiyar Zaki, ba su san zaure ba.

Kawu yakan tafi rana ta huɗu da hantsi, bai taɓa ƙara ko kwana ɗaya ba. Akan ɗaure masa soyayyen nama a leda, da turmin atamfa na iyalinsa, da sabulu, a mayar masa da kwalbarsa cike da kakiɗe. Kafin ya fita yakan tsaya a tsakar gida ya kira matan gidan ɗaya bayan ɗaya, har da amaryar da aka kawo bara, ya sa wa kowace albarka, ya roƙa wa hannuwanta tsari daga wuta. Sannan ya dubi Inna ya ce, “To Hajiya, in da rabon mu gana.” Ita kuma ta ce, “Allah Ya maimaita mana, Kawu, a gai da mutanen gida.” Daga nan sai a shiga neman murafen kwanuka, a naɗe tabarmin aro, a rataye kan ragon da aka ƙyafe a inda mage ba za ta kai ba, domin na cika-ciki ne.